Me ya sa hoton asibiti ke kasa ganin kansar pankiriyas da wuri?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da shekara 64. Bara aka ce ya kamu da ciwon suga, alhali babu mai shi a danginmu. Daga nan ya fara ramewa, ga ciwon ciki da ke sukarsa har gadon baya. Ya daɗe yana shan maganin olsa. Sau biyu aka yi masa sikanin aka ce ba a ga komai ba, wata biyar da suka wuce kuma aka yi masa siti-sikan, shi ma aka ce lafiya lau. Sai da idonsa ya koma ruwan ɗorawa aka sake wani siti-sikan, aka ce yana da ƙari a pankiriyas. Yanzu likitan tiyata ya ce wannan hoton ma bai yi ba, sai an sake wani. Don Allah sakaci aka yi mana ne? Me ya sa za a sake hoto ga tsada? Na ji an ce a Sin kwamfuta na gano cutar fiye da likitoci, gaskiya ne? Mu 'ya'yansa ya kamata mu je a duba mu?" Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi. Aikina shi ne karanta hotunan marasa lafiya, kuma irin labarin nan naka na ji shi fiye da yadda zan so. Tambayoyinka huɗu ne, amma uku daga ciki uwarsu ɗaya: ta yaya hoto zai kalli wuri ya ce babu komai, bayan akwai? Zan fi daɗewa a nan, don wanda ya gane wannan ya gane dalilin da likitan tiyata ya ƙi karɓar hoton da kuka kai masa.

Tun farko in faɗa maka, ban ga hotunan Baba ba, don haka ba zan yanke wa kowa hukunci ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka inda ake samun kuskure, da yadda ake rage shi.

Inda pankiriyas yake ɓoye

Mutane da yawa suna ɗauka saifa ce ake nufi. Ba ita ba ce. Pankiriyas wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a gicciye can bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Tana da kai, da jiki, da wutsiya. Kan yana cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyar kuma ta miƙe hagu har ta kusa taɓa saifa. Aikinsa biyu ne: yana fitar da ruwan da ke narkar da abinci, yana kuma samar da insulin mai daidaita sukarin jini. Shi ya sa ciwon suga da ya faɗo wa dattijo kwatsam tare da rama yake sa mu ɗaga kunne. Wani bincike da aka yi a Minnesota ta Amurka ya nuna cewa cikin mutum ɗari da suka haura shekara 50 kuma suka fara ciwon suga, kusan mutum ɗaya ne ake samu da wannan kansa cikin shekara uku. Ɗaya cikin ɗari ba yawa ba ne, amma ya ninka na sauran jama'a sau da dama.

Bututun da ke sauko da ruwan matsarmama daga hanta ta cikin kan pankiriyas yake ratsawa. Idan ƙari ya fito a kai, wanda nan ne ya fi fitowa, yakan matse bututun, sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, bayan gida ya yi fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. A wurinmu da an ga haka sai a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe, a ɓata sati uku ko huɗu. Wanda nasa ƙarin ya fito a jiki ko wutsiya kuwa ko wannan gargaɗin ba ya samu. A duniya baki ɗaya, cikin masu wannan cuta biyar da ƙyar ake samun ɗaya da za a iya yi wa tiyatar cirewa a ranar da aka gano ta. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 500,000 sun kamu a shekarar, sama da 460,000 kuma sun rasu. Kusancin waɗannan alƙaluma biyu shi ne ya sa ake ta fafutukar gyara hoto.

Sikanin da aka yi wa Baba sau biyu, irin wanda ake shafa mai a ciki kamar na masu juna biyu, da sauti yake aiki, sauti kuwa ba ya ratsa iska. Tumbi da hanji suna gaban pankiriyas, kuma ba sa rabuwa da iska. Sau da yawa ina ɗora na'urar in ga kai kaɗai, ko in ga wani yanki na jiki, wutsiya kuwa ko alamarta. Wannan sikanin gwani ne wajen ganin tsakuwar matsarmama da kumburin bututun hanta, amma idan ya ce bai ga ƙari a pankiriyas ba, bai wanke pankiriyas ba. Laifin da nake ganinmu da shi mu masu rubuta sakamako shi ne rubuta "lafiya lau" a inda ya kamata mu rubuta "iska ta tare, ban gan shi duka ba". Jimlar farko tana sa likita ya rufe fayil, ta biyu tana sa ya nemi wani hoton.

Siti-sikan suna ne ɗaya, aiki iri-iri

Nan ne zuciyar maganar. Idan aka ce an yi wa mutum siti-sikan na ciki, ba a faɗi komai ba tukuna, kamar a ce an yi masa ɗinki ne ba a faɗi ko riga ko hula ba. Akwai wanda ake yi ba allura, don neman tsakuwar ƙoda. Akwai wanda ake yin allurar ruwan da ke haska jini, wanda ma'aikata ke kira kwantiras, a ɗauki hoto sau ɗaya. Akwai kuma wanda aka tsara musamman don pankiriyas, kuma shi likitan tiyata yake nema.

Ka san fako a gona. Idan aka yi yayyafin farko, ƙasa mai laushi nan take take shan ruwa ta canza launi, fako kuwa yana nan a bushe, daga nesa ma kana iya nuna shi. Amma kafin ruwan ya sauka duk gonar launinta ɗaya, haka nan idan aka jima ruwa ya jiƙa ko'ina bambancin sai ya dushe. To haka wannan kansa take. Ƙarin tauri gare shi, cike yake da tsoka mai kama da tabo, jijiyoyin jininsa kaɗan ne. Lafiyayyen pankiriyas kuwa jini na kwarara cikinsa sosai. Idan aka tura kwantiras da ƙarfi, akwai ɗan lokaci, tsakanin sakan 40 zuwa 50 da fara allurar, da lafiyayyen wurin ke haskawa fes ƙarin kuma ya fito duhu a tsakiyarsa. Sai a sake ɗauka a wajen sakan 65 zuwa 70, lokacin da hanta da manyan jijiyoyin da ke kai mata jini daga hanji suka cika, don a ga ko cutar ta yi tsalle zuwa hanta. Siti-sikan na yau da kullum wannan ɗauka ta biyu kaɗai yake yi. Babban ƙari zai fito a cikinta, ƙarami kuwa yana iya sajewa.

Sakan goma ke nan fa ake magana a kai. Shi ya sa ake son a tura ruwan da injin allura, mililita 3 zuwa 5 a kowane sakan, ta jijiya mai kyau a gwiwar hannu. Inda injin ya lalace aka koma turawa da hannu, ko aka rage yawan kwantiras don kwalba ɗaya ta ishi mutum biyu, hoton zai fito, kuɗin ma za a karɓa, amma ba hoton pankiriyas ba ne. Araha ba ta ado.

Sai kaurin yanka. Na'urar tana yanka jiki ne faifai-faifai kamar ana yanka albasa. Ƙa'idar da ake bi a manyan cibiyoyin kansa ita ce kada kauri ya wuce milimita 3, an fi son ma milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Idan aka yanka da kaurin milimita 8 ko 10, ƙari mai santimita ɗaya zai iya cakuɗewa da naman da ke kewaye da shi a faifai guda ya ɓace. Akwai kuma abin da ake ba mutum ya sha kafin hoto. A da farin ruwa mai haske ake bayarwa, wanda ke cika hanji ya yi fari fat, haskensa ya rufe jijiyoyin da muke son gani. Don pankiriyas ruwan sha zalla ya fi, ya buɗe tumbi ba tare da ya kashe mana ido ba.

Ko an cika duk waɗannan sharuɗɗa, akwai ƙarin da launinsa daidai yake da na lafiyayyen nama a kowace ɗauka. Kusan ɗaya cikin goma haka suke, kuma a cikin ƙanana sun fi haka yawa. Waɗannan ba a ganinsu, sawunsu ake bi. Pankiriyas yana da nasa siririn bututu a tsakiya wanda faɗinsa bai cika wuce milimita 3 ba. Idan na ga ya buɗe ya yi faɗi, sannan a wani wuri ya yanke ƙaf kamar an ɗaure bakin buhu, to akwai abin da ya ɗaure shi ko da ban gan shi ba. Idan bututun matsarmama ma ya buɗe tare da shi, zargi ya ƙaru. Haka nan idan wutsiya ta motse ta tsotse alhali kai yana nan da kaurinsa.

Dalili na biyu da zai sa likitan tiyata ya ce a sake shi ne, shi ba tambayarsa "akwai ƙari ko babu" ba ce, wannan an riga an amsa. Tambayarsa ita ce "zan iya cire shi?" Amsar tana wurin jijiyoyi. Manyan jijiyoyin da ke ciyar da hanji da hanta a jikin pankiriyas suke manne. Muna auna yadda ƙarin ya rungumi kowace: idan bai taɓa ba, ana iya shiga tiyata kai tsaye. Idan ya taɓa amma bai zagaye fiye da rabinta ba, sau da yawa akan fara da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a sake dubawa. Idan ya zagaye babbar jijiyar da ke kai wa hanji jini fiye da rabi, yawanci wuƙa ba ta da wurin shiga. Aikin da ake yi wa kan pankiriyas, wanda ake kira da sunan Allen Whipple, likitan Niyok da ya bayyana shi a 1935, yana cikin manyan tiyatar ciki: ana cire kan pankiriyas, da farkon hanji, da matsarmama, da wani yanki na bututunta, a sake haɗa komai. Ba aikin da za a buɗe dattijo a kan zato ba ne. Kuma ana son hoton da za a dogara da shi kada ya wuce sati huɗu kafin ranar tiyata, don cutar ba ta jira.

Wani abu da za ku kiyaye: idan an ce za a sa wa Baba ɗan bututu a hanyar matsarmama don rawayar ta sauka, ku tambaya ko za a iya yin hoton kafin a sa. Bututun yana jawo kumburi a wurin, yana kuma ɓata hoto, har a kasa rabe ƙari da kumburi. Sai dai in akwai zazzaɓi da alamar ƙwayar cuta ta shiga, nan kam ceton rai ne gaba da hoto.

Idon da ke karantawa

Yanzu ga batun sakaci. Da-na-sani ƙeya ce. Likitocin asibitin Mayo a Amurka sun taɓa komawa kan tsofaffin hotunan mutanen da daga baya aka gano suna da wannan kansa, suka tarar a kusan rabin hotunan da aka ɗauka cikin wata 18 kafin ganowa akwai alamar da za a iya zargi. Wannan a ɗaya daga cikin fitattun asibitocin duniya ke nan. Wanda ya san inda ƙari ya fito daga baya, idonsa kai tsaye can yake zuwa. Wanda ya karanta hoton a ranar farko kuwa yana duba hanta da ƙoda da hanji da ƙashi ne gaba ɗaya, a faifai ɗaruruwa, ga wasu marasa lafiya na jira.

Ni ma ya taɓa faruwa da ni, kuma ban manta ba. Wani magidanci aka turo, takardar da ta rako shi kalma uku ce kacal: ciwon ciki, duba. Ba shekarun fara suga, ba zancen rama. Na ga bututun pankiriyas ya ɗan buɗe, na ce a raina tsufa ne, na ambace shi a layi ɗaya na wuce. Bayan wata bakwai ya dawo da rawayar ido. Da na jera hotunan biyu, wurin da bututun ya yanke yana nan a na farko yana kallona. Tun daga ranar, in na ga bututu ya buɗe ban ga dalili ba, sai na rubuta ƙarara cewa a sake hoto na musamman, in kuma ɗaga waya in kira likitan da ya turo. Takardar da ta ce "ɗan shekara 64, sabon ciwon suga, ya rame, ciwo na zuwa baya" tana canza yadda za a saita na'ura tun kafin mutum ya kwanta, tana kuma canza inda ido zai tsaya. Rabin ingancin hoto daga alƙalamin likitan da ya tura yake farawa.

Haka kuma yadda ake rubuta sakamako. A 2014 ƙungiyar likitocin hoton ciki da ƙungiyar masana pankiriyas ta Amurka suka fitar da tsari guda na rubuta rahoton wannan kansa: girman ƙari, inda yake, kowace jijiya da sunanta da yadda ya taɓa ta, ko akwai jijiyar da ta bi wata hanya daban da ta sauran mutane, hanta, ƙulluwan kaluluwa da ke kewaye, ruwa a ciki. Ba na'ura aka saya ba, takarda ce kawai, amma ta hana mantuwa. Rahoton da ya tsaya a "akwai ƙari a kan pankiriyas" bai ba likitan tiyata abin da zai yi aiki da shi ba.

Shawarata a nan mai sauƙi ce. Duk inda aka yi muku hoto, ku karɓi faifan kwamfuta mai ɗauke da hoton gaba ɗaya, kada ku tsaya a baƙar ledar da aka buga 'yan hotuna ashirin ko talatin a kai. A kan kwamfuta ina iya juya hoton ta kowace fuska, in ƙara haske, in auna. A leda abin da wani ya zaɓa mini kaɗai nake gani. Wanda mutane ke ɗauka da waya su turo ta WhatsApp kuwa, wannan gaisuwa ce kawai. Ku nemo har na wata biyar da suka wuce, don kwatanta tsoho da sabo yana nuna saurin cutar.

Sauran hanyoyin, da abin da kowace ta iya

Em-ar-ai ba ya amfani da haskoki masu ratsa jiki irin na siti, da maganaɗisu yake aiki. Ya fi siti iya nuna bututu, ya fi shi rabe ƙullutu mai ruwa da mai tsoka, ya kuma fi shi gano ƙananan ɗigo a hanta waɗanda ba su kai santimita ɗaya ba. Idan siti ya nuna wani ɗan tabo a hanta da ba a san ko mene ne ba, shi ake nema, don wannan ɗan tabon shi ke raba wanda za a yi wa tiyata da wanda ba za a yi wa ba. Matsalarsa yana ɗaukar lokaci, kuma sai mutum ya iya riƙe numfashi sau da yawa. Dattijon da ciwo ya gallaba yakan motsa, hoton ya yi hazo.

Wanda ya fi kowa ganin ƙaramin ƙari shi ne sikanin da ake yi ta cikin tumbi. Ana zura siririyar tiyo mai kyamara ta baki, a bakinta akwai 'yar na'urar sauti, sai a leƙa pankiriyas ta bangon tumbi da na hanji, babu iskar da ta shiga tsakani. Ta nan kuma ake soka allura a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Sai dai ingancinsa a hannun mai yin sa yake, kuma wuraren da ake yin sa a ƙasashenmu ba su da yawa.

Ɗibar naman nan ina ba ta muhimmanci a wurinmu fiye da yadda littattafan Turai ke ba ta, saboda abubuwan da ke kwaikwayon kansa. Tarin fuka yana kama ƙulluwan da ke kewaye da kan pankiriyas, har da shi kansa, ya fito a hoto kamar ƙari sak. Na ga wata baiwar Allah da aka riga aka gaya wa danginta su yi haƙuri, gwajin nama ya nuna tibi ne, ta sha magani ta tashi. Akwai daɗaɗɗen kumburin pankiriyas da ke taurara wuri guda, akwai wanda garkuwar jiki ke jawowa wanda ƙwayoyin magani ke narkar da shi, akwai kuma wani nau'i na ƙasashe masu zafi da ke tara tsakuwa a bututu ya jawo ciwon suga tun ana matashi, wanda likitoci suka bayyana a Yuganda da Ibadan tun shekarun 1960. Ko a manyan cibiyoyin duniya, cikin waɗanda aka yi wa aikin Whipple bisa zargin kansa, ana samun wajen biyar zuwa goma cikin ɗari da gwaji ya nuna ba kansa ba ce. Ingancin hoto ba gano cuta kaɗai ba ne, har da kada a laƙaba wa mutum wadda ba shi da ita.

Akwai hoton pet, wanda ake allurar sukari mai ɗan haske a bi inda ya taru. Amfaninsa neman inda cutar ta yaɗu a ɓoye, kuma a Ingila tun 2018 ake ba da shawarar yin sa kafin a fara magani ga wanda siti ya nuna cutarsa ba ta bazu ba. Amma kumburi da tibi su ma suna shan sukarin, kuma idan sukarin jinin mutum ya hau hoton yakan raunana, abin da ya shafi Baba kai tsaye.

Za kuma a iya rubuta muku gwajin jini mai suna CA 19-9. Kada lambarsa ta firgita ku ko ta kwantar muku da hankali fiye da kima. Toshewar bututun matsarmama kaɗai tana iya ɗaga shi ba tare da kansa ba. Sannan akwai mutanen da jikinsu ba ya samar da shi sam saboda nau'in jininsu, ko da ƙarin ya kai girman lemo, kuma irin wannan jini ya fi yawa a baƙar fata fiye da Turawa.

Duk da wannan, hoto yana da iyaka. Ƙananan ɗigon kansa da suka bazu a fatar cikin ciki kamar an watsa gero ba sa fitowa a kowace na'ura. Shi ya sa wasu likitocin tiyata ke fara leƙawa da kyamara ta 'yar huda kafin su buɗe. Bayan an yi kemo kuma, siti ba ya iya rabe tabon da magani ya bari da kansar da ke raye.

Batun kwamfutar Sin

Abin da ka ji yana da tushe. A ƙarshen 2023 mujallar Nature Medicine ta buga aikin wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna PANDA, wadda sashen bincike na kamfanin Alibaba ya haɗa tare da asibitocin Sin. An horar da ita da hotunan mutum 3,208. Abin mamakin shi ne a siti marar kwantiras take aiki, wato irin hoton da mu muke cewa ba a ganin pankiriyas da kyau a cikinsa. Da aka gwada ta a hotunan mutum 20,530, ta gano kusan kashi 93 cikin ɗari na masu wata cuta a pankiriyas, kuma cikin lafiyayyu dubu kusan ɗaya kawai ta yi wa ƙarya. Kafin nan, a 2022, masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan sun nuna tasu manhajar ta gano kusan uku cikin huɗu na ƙarin da bai kai santimita 2 ba, girman da ido ya fi kuskurewa. A asibitin Johns Hopkins na Amurka ma an daɗe ana irin wannan aiki.

Ina murna da shi, ba na cikin masu tsoron zai ƙwace mana abinci. Inda nake ganin amfaninsa shi ne irin ranar da na ba ka labari: hoton da aka yi don wani dalili daban, likita ya gaji, manhaja ta ɗaga tuta ta ce a sake duba nan. Amma manhaja abin da aka koya mata ta sani. Wadda ta koyi aiki a kan mutanen Shanghai, da na'urorinsu, da cututtukansu, sai an gwada ta a kan namu kafin a yarda da ita, musamman a inda tibi ke yawan shigar burtu. Ba ta kuma gaya wa likitan tiyata ya yanka ko kada ya yanka, in ta ɗaga tuta hoton nan na musamman dai za a koma a yi. Su ma sababbin na'urorin siti masu ƙirga ƙwayar haske ɗaya-ɗaya, waɗanda aka fara amincewa da su a Amurka a 2021, suna ƙara fito da bambancin ƙari da lafiyayyen nama, amma in aka ɗauki hoto a lokacin da bai dace ba, tsadarsu ba za ta cece shi ba. A ganina, tsohuwar na'ura mai yanka 16 da aka saita daidai, aka yi allura daidai, ta fi sabuwa dal da aka yi wa aikin gaggawa.

Ku 'ya'yansa fa?

Idan Baba kaɗai ne a danginku, ba a ba da shawarar ku je a yi ta ɗaukarku hoto. Lissafin ne ya hana. A Amurka, inda ake da ƙididdiga mai kyau, wajen mutum 13 cikin 100,000 ke kamuwa a shekara. Ka ɗauka akwai gwajin da ke kuskure sau ɗaya tak cikin ɗari. In aka yi wa mutum 100,000, zai tsorata lafiyayyu 1,000 don a samo 13, kuma cikin dubun nan wasu za a soka musu allura, wasu har a yi musu tiyatar da ba su buƙata. Saboda haka ne kwamitin rigakafi na Amurka ya sake jaddadawa a 2019 cewa kada a yi wa marasa alama wannan bincike. Waɗanda ake bibiya su ne masu 'yan'uwa na jini biyu ko fiye da suka yi cutar, ko masu wani gadon ƙwayar halitta da aka tabbatar, irin wanda ke haɗa ta da kansar mama a dangi. Su ma da em-ar-ai ko sikanin ta tumbi ake bin su, yawanci daga shekara 50, ko shekara goma kafin shekarun da ɗan'uwansu ya kamu. In akwai mai shan taba a cikinku ya daina, don tana kusan ninka haɗarin.

Game da Baba kuwa, ku yarda a sake hoton, amma kafin ku biya ku tambayi wurin abu uku: za a yi shi da tsarin pankiriyas mai ɗauka biyu? Da inji za a tura kwantiras? Za a ba ku faifai? Ku sa likitan tiyata ya rubuta abin da yake nema da hannunsa, in da wurin da ya amince da aikinsu ku je can ko da ya fi nisa. Za a buƙaci gwajin ƙoda kafin allurar, a kuma ce ya bar cin abinci na 'yan awoyi, don haka ku gaya musu yana da suga da irin maganin da yake sha, musamman in metformin ne, su tsara masa lokacin safe. Ranar da za ku koma wurin likitan tiyata ku tafi da faifan duka uku, har da wancan na farko da aka ce lafiya lau.